Daular Inka da Makomar Halshen Kecuwa: Daga Igiya Mai Ƙulli zuwa Takarda

Gabatarwa

A cikin daulolin da Turawa suka iske a nahiyar Amurka a ƙarni na 16, babu wadda ta kai daular Inka faɗi. Ta miƙe bisa tsaunukan Andes da gaɓar tekun Pasifik, tsawon wajen kilomita dubu 4, tun daga kudancin ƙasar Kolombiya ta yanzu har tsakiyar Cile, ta haɗa da Ekwado da Peru da yammacin Bolibiya da wani yanki na Ajantina. Masana tarihi suna kimanta mutanenta da wajen miliyon 10, masu halsuna iri-iri. Abin da zai fi jan hankalin mai nazarin halshe game da wannan daula shi ne, an ƙidaya jama'arta, an tara dukiyarta, an aika da umurni daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ba tare da harafi ko ɗaya ba. Igiyoyi masu ƙulli suka yi wannan aiki, tare da wani halshe guda da aka ɗora bisa sauran halsuna, wato Kecuwa.

Bayan faɗuwar daular, halshen ya samu haruffa da nahawu da ƙamus tun shekara ta 1560. Duk da haka, shekara 400 bayan nan, mafi yawan manya a ƙauyukan tsaunuka ba su iya karatu ba, ko da shi ko da wani halshe. Wannan maƙala tana bin diddigin yadda haka ta faru.

1. Magabata da maƙwabta

Inka ba su ne suka fara kafa birane a Andes ba, su ne na ƙarshe a cikin dogon jeri. An gina birnin Karal, kusa da gaɓar teku, tun wajen shekara dubu 5 da suka wuce. Daga baya aka yi Cabin, da Moce masu gwanintar ƙira da ginin tukwane, da Naska masu manyan zane-zane bisa hamada. Tsakanin wajen shekara ta 600 da ta 1000 dauloli biyu suka raba tsaunukan: Wari a tsakiyar Peru, da Tiwanaku a bakin tabkin Titikaka, wanda yake bisa tudu mai tsawon mita 3800 daga teku. Daga waɗannan ne Inka suka gaji gina hanyoyi, da yanka gangaren dutse hawa-hawa don noma, har ma da amfani da igiya wajen lissafi, gama an tono igiyoyin zamanin Wari a cikin kaburbura.

Har farkon ƙarni na 15, Inka ƙaramar masarauta ce a kwarin Kusko. Bisa ga labaran da Turawa suka rubuta daga bakin dattawa, a wajen 1438 ne wani ɗan sarki ya kori rundunar Canka daga bakin gari, ya hau gadon sarauta da sunan Pacakuti. Shi da ɗansa Tupak Yupanki da jikansa Wayna Kapak suka shimfiɗa daular cikin ƙasa da shekara 100. Suka kira ta Tawantinsuyu, wato sassa huɗu a haɗe, birnin Kusko kuwa shi ne mahaɗarsu.

A kudu suka ci masarautun Kola da Lupaka, masu halshen Aimara. A gaɓar arewa, wajen 1470, suka karya daular Cimu, wadda babban birninta Can-Can gini ne na tubalin ƙasa, suka kwashe maƙeran zinariyarta zuwa Kusko. Sun sha wuya kafin su mallaki Kanyari na Ekwado da Cacapoya na dazukan gabas. Mapuce kuwa, a kudancin Cile, suka tsayar da su a wajen kogin Maule, ba su wuce ba. Kowace al'umma daga cikin waɗannan tana da halshenta, ko Aimara, ko Pukina, ko Mocika, ko Kuli, ko wani daga cikin ƙananan halsuna masu yawa.

2. Yadda aka riƙe daular

Talakan Inka bai san kuɗi ba, kuma ba a karɓar haraji daga abin da ya noma don kansa. Abin da yake biya shi ne ƙarfinsa. Tushen zaman jama'a shi ne ayllu, wato dangi masu gona ɗaya da kaka ɗaya, waɗanda tun asali suke taimakon juna da aikin gayya. Sarakunan Kusko suka ɗauki wannan al'ada suka mai da ita doka, aka kira ta mita: kowane magidanci yana da kwanakin da zai yi a gonar sarki, ko gonar gidan bauta, ko wajen gini, ko saƙa, ko yaƙi, sarki kuwa shi ke ciyar da shi muddin yana wannan aiki. An kasa magidanta goma-goma, ɗari-ɗari, dubu-dubu, har dubu goma, kowane kashi da shugabansa.

Hanyoyin daular sun kai wajen kilomita dubu 30. A gefensu akwai zango-zango da ake kira tambo, da rumbunan dutse cike da masara, da tufafi, da busasshen nama, da cunyo, wato dankalin da aka shanya cikin sanyin dare da zafin rana har ya bushe, ya iya yin shekaru bai lalace ba. A garin Wanuko Pampa kaɗai an ƙirga rumbuna kusan 500. Babu doki, babu keke. Kaya a bayan mutum suke tafiya, ko a bayan lama, wata dabba dangin raƙumi marar tozo. Saƙo kuwa ƴan gudu ke kai shi, waɗanda ake kira caski, wannan ya miƙa wa wancan, har saƙon ya ci fiye da kilomita 200 a yini guda.

Irin wannan mulki ba ya yiwuwa sai da halshen da hakimi da jakada za su ji juna. Halshen da aka zaɓa shi ne wanda masu shi suke kira runasimi, wato bakin mutane. An daɗe ana zaton daga Kusko ya fito, sai a 1963 da 1964 masana biyu, Gary Parker da Alfredo Torero, kowa ta hanyarsa, suka nuna cewa Kecuwa dangin halsuna ne mai manyan rassa biyu, kuma a tsakiyar Peru ne kare-karensa suka fi yawa da bambanta, abin da ke nuna can ya fi daɗewa. Ke nan halshen ya riga daular bazuwa. Rodolfo Cerrón-Palomino ya kawo hujjoji daga sunayen wurare da na sarauta cewa kakannin Inka Pukina suka fara ji, sa'an nan Aimara. Sun ɗauki Kecuwa ne domin sun iske shi halshen hulɗa a ƙasashen da suke ci.

Hanyar yaɗa shi iri biyu ce. Ta farko, ana kai ƴaƴan sarakunan da aka ci Kusko, su koyi halshe da al'adun fada, su zama kuma garkuwa. Ta biyu, ana tashin al'umma ɗungum a kai ta wata ƙasa mai nisa, a kawo wata a madadinta. Wayna Kapak ya kwashe mazauna kwarin Kocabamba, ya sa ana kawo ma'aikata dubu 14 kowace shekara daga ƙabilu dabam-dabam don noman masara. Amma Inka ba su hana kowa halshen gidansa ba. Shugabanni da ma'aikata su ne ke da halshe biyu, talaka ya ci gaba da nasa.

3. Kipu

Kalmar kipu ma'anarta ƙulli. Ana samun uwar igiya guda, a rataya mata ƙananan igiyoyi na zaren kaɗa ko na gashin lama da alpaka, wani lokaci kaɗan, wani lokaci fiye da dubu, wasu kuma da ƴaƴansu rataye a jikinsu. Fiye da kipu dubu ɗaya suka saura a gidajen tarihi na duniya.

A 1912 wani malamin lissafi na Amurka, Leland Locke, ya gano yadda ake karanta adadin da ke jikinsu, ya fitar da littafi a kai a 1923. Lissafin goma-goma ne. Ƙasan igiya wurin ɗaiɗai ne, sama da shi wurin gomomi, sama kuma wurin ɗaruruwa. A wurin gomomi da abin da ya yi sama ana jera ƙulli sassauƙa. A wurin ɗaiɗai ana yin dogon ƙulli mai naɗi 2 zuwa 9, lamba 1 kuwa tana da nata ƙulli mai siffar 8. Inda babu kome sai a bar wurin fili, wato sifiri ke nan. Saboda haka 305 zai zama ƙulli uku a sama, fili a tsakiya, dogon ƙulli mai naɗi biyar a ƙasa. Daga baya Marcia da Robert Ascher suka bi ɗaruruwan kipu igiya-igiya, suka nuna yadda wata igiya take tara jimillar wasu.

Ma'aikacin da ke ƙulla kipu da karanta shi ana kiransa kipukamayuk. Shi ke riƙe da ƙidayar jama'a, da kwanakin mita, da abin da ya shiga rumbu da abin da ya fita. A 2005 Gary Urton da Carrie Brezine suka nuna cewa wasu kipu da aka tono a Purucuko, kusa da Lima, hawa uku ne: jimillar na ƙasa ita ke shiga na tsakiya, ta tsakiya ta shiga na sama, kamar yadda rahoton mai gari ke shiga na hakimi. Turawan farko sun rubuta kuma cewa da kipu ake tuna jerin sarakuna da dokoki da labaran yaƙi, kuma lalle akwai kipu masu yawa da ba su bin ƙa'idar lissafin da Locke ya gano. Launin zare, da irin gashin, da gefen da aka murza shi, duka suna ɗauke da ma'ana. A 2018 Manny Medrano da Urton suka daidaita wasu kipu shida na kwarin Santa da wata takardar ƙidaya ta Turawa ta 1670. Sabine Hyland kuma ta yi nazarin kipu biyu a ƙauyen Kolata, waɗanda mutanen garin suke adanawa a matsayin wasiƙun kakanninsu.

Ƙarfin wannan hanya ya bayyana a gaban alƙalan Turawa da kansu. Tsakanin 1558 da 1561 sarakunan Wanka na kwarin Hauha suka kai ƙara Lima, suna neman a biya su abin da suka ba rundunar Turawa tun 1533. Masu kipu suka karanto mutane nawa, lama nawa, masara nawa, takalma nawa, magatakarda yana rubutawa, kotu kuma ta karɓi lissafin cikin takardunta.

4. Kahamarka

A wajen 1527 Wayna Kapak ya rasu cikin wata annoba da masana da dama suke ɗauka agana ce, wadda ta riga Turawa isowa. Ƴaƴansa biyu, Waskar da Atawalpa, suka yi yaƙin basasa, Atawalpa ya ci nasara. Ran 16 ga Nuwamba 1532 ya shiga dandalin garin Kahamarka don ganawa da Faransisko Pizaro, wanda ke da mutum 168. Wani limamin Kirista, Vicente de Valverde, ya fito da tafinta, ya miƙa masa littafi, ya ce maganar Allah tana ciki. Masu ba da labarin sun saɓa kan abin da aka faɗa, amma sun haɗu kan cewa littafin ya ƙare a ƙasa, kuma nan take Turawa suka buɗe wuta, suka fito da dawaki, suka kashe dubban mutane, suka kama sarki. Atawalpa ya tara fansa wajen tan 6 na zinariya da wajen ninki biyu na azurfa, amma aka kashe shi a Yuli 1533.

Mutum 168 ba su ne kaɗai suka ci daular ba. Kanyari da Cacapoya da Wanka, waɗanda ba su manta da ƙaurar dole ba, suka ba Turawa dubban mayaƙa. Manko Inka ya yi tawaye a 1536, ya kewaye Kusko, da bai yi nasara ba ya ja da baya zuwa dazukan Bilkabamba, inda zuriyarsa ta riƙe ƙaramar masarauta har 1572, shekarar da wakilin sarkin Sipaniya, Faransisko de Toledo, ya sa aka sare kan Tupak Amaru a dandalin Kusko. Toledo ya tattara ƙauyuka cikin sababbin garuruwa, ya kuma juya mita ta koma aikin dole a ramukan azurfa na Potosi, inda ake kai mutum wajen dubu 13 kowace shekara. Masanin tarihi Noble David Cook ya kimanta cewa mutanen ƙasar Peru sun ragu daga wajen miliyon 9 a 1520 zuwa wajen dubu 600 a 1620, saboda annoba da yaƙi da wahala.

5. Kecuwa ya shiga takarda

Masu wa'azin Kirista sun gane ba za su iya koyon halsuna masu yawa haka ba, sai suka bi sawun Inka. A 1560 aka buga nahawu da ƙamus na Domingo de Santo Tomás a Sipaniya. A 1579 aka kafa kujerar koyar da Kecuwa a jami'ar San Markos ta Lima, aka kuma wajabta wa limaman da za a tura karkara su ci jarrabawar halshe. A 1584 aka buga littafin koyar da addini cikin Sipaniyanci da Kecuwa da Aimara, shi ne littafin farko da ya fito daga maɗaba'a a Amurka ta Kudu. Diego González Holguín ya fitar da babban ƙamus na karin Kusko a 1608, Ludovico Bertonio kuma ya fitar da na Aimara a 1612.

Sakamakon haka, Kecuwa ya bazu a ƙarƙashin Turawa har wuraren da Inka ba su taɓa mallaka ba, kamar wasu sassan dajin Amazon. Ƙananan halsuna su ne suka biya wannan bashi. Pukina, wanda Toledo ya lissafa cikin manyan halsunan ƙasa uku, ya ɓace, sai kalmominsa da suka saura a bakin masu maganin gargajiya na Kalawaya a Bolibiya. Mocika ya samu nahawu a 1644, amma ya mutu a farkon ƙarni na 20.

Rubutun da aka yi wa Kecuwa, rubutu ne na baƙo domin baƙo. An yi shi da haruffan Sipaniyanci da kunnen Basipaniye. Karin Kusko yana da baƙaƙe masu fita da matsewar maƙogwaro, irin ƙ da ts na Hausa, da wasu masu fita da huci. A rubutun yau, tanta taro ne, thanta tsumma, t'anta kuwa burodi. Littafin 1584 bai rarrabe waɗannan ba, kamar a rubuta Hausa a bar ƙugiyoyin ƙ da ɗ da ɓ. Bai kuma raba k da q ba, alhali q daga can bayan baki take fita, kuma tana canza ma'ana. Mai karatun da aka nufa shi ne limamin da zai hau mumbari. Makarantu kaɗan da aka buɗe wa ƴan ƙasa, na ƴaƴan sarakuna ne, kuma Sipaniyanci ne ginshiƙin karatunsu. A wannan lokaci ne kuma taron manyan limamai na Lima, a 1583, ya ba da umurnin lalata kipu da ake zargin suna ɗauke da al'amuran tsohon addini.

Ƴan ƙasa kaɗan da suka kama alƙalami sun bar ayyuka masu daraja. Wajen 1608 aka rubuta kundin Warociri, labaran gumaka da kakanni cikin Kecuwa, wanda José María Arguedas ya fassara a 1966. A 1609 Garcilaso de la Vega, wanda uwarsa ƴar gidan sarautar Inka ce, ya buga tarihin kakanninsa a Lisbon cikin Sipaniyanci. Wajen 1615 Guaman Poma de Ayala ya gama wata doguwar wasiƙa zuwa ga sarkin Sipaniya, shafi kusan 1200 da zane kusan 400, yana bayyana mulkin Inka da zaluncin da ya biyo baya. Ba a san da ita ba sai a 1908, da aka gano ta a ɗakin littattafan sarkin Danmak.

6. Hani da wariya

A 1770 sarki Karlos na 3 ya fitar da dokar da ke neman a kawar da halsunan ƴan ƙasa a dukkan mallakar Sipaniya. A Nuwamba 1780 wani basarake mai suna José Gabriel Condorcanqui, wanda ya ɗauki sunan Tupak Amaru na 2, ya tayar da babban tawaye a kudancin Kusko, Tupak Katari kuma ya kewaye La Pas da mayaƙan Aimara a 1781. Ran 18 ga Mayu 1781 aka kashe Tupak Amaru da matarsa Micaela Bastidas. Hukuncin ya haɗa da hana tufafin sarautar Inka, da hotunan sarakunansu, da wasannin kwaikwayo na tunawa da su, ya kuma umurci mutane su koma Sipaniyanci. Aka janye littafin Garcilaso, aka rufe kujerar Kecuwa ta San Markos. Gidajen sarauta, waɗanda su ne kaɗai ƴan ƙasa masu karatu da faɗa a ji, suka rushe, halshen ya rage a bakin manoma da makiyaya da barorin manyan gonaki.

Ƴancin kai bai gyara wannan ba. Gaskiya ne an fassara sanarwar ƴancin Ajantina ta 1816 cikin Kecuwa da Aimara, amma sababbin ƙasashen da Sipaniyanci kaɗai suke shari'a da koyarwa. A 1896 Peru ta sa sharaɗin iya karatu da rubutu kafin a yi zaɓe, wanda ya fitar da akasarin mutanen tsaunuka daga jefa ƙuri'a. Ba a ɗage wannan sharaɗi ba sai da tsarin mulkin 1979. Manomi yana iya rasa gonarsa ta hanyar takardar da bai iya karantawa ba, a gaban alƙalin da ba ya jin maganarsa. Don haka ne mutanen karkara suka riƙa neman makaranta da kansu, kamar ta Warisata a Bolibiya, wadda Avelino Siñani da Elizardo Pérez suka kafa a 1931, da waɗanda Dolores Cacuango ta buɗe a yankin Kayambe na Ekwado a shekarun 1940.

7. Dokar 1975 da rigimar wasula

Gwamnatin soja ta Janar Juan Velasco Alvarado ta raba manyan gonaki a 1969, sa'an nan ran 27 ga Mayu 1975 ta mai da Kecuwa halshen hukuma daidai da Sipaniyanci. A wannan shekara aka tsayar da haruffa, a 1976 kuma aka buga nahawu da ƙamus na kare-kare shida. Amma an kifar da Velasco a Agusta 1975, babu isassun malamai, babu littattafan karatu, tsarin mulkin 1979 kuma ya rage wa halshen matsayi.

Sai rigima ta tashi kan wasula. Haruffan 1975 suna da wasali biyar. Masana halshe suka nuna cewa wasulan Kecuwa uku ne, a da i da u, sai dai i da u sukan sauka su yi kama da e da o in suna kusa da q. Kalmar azurfa ko kuɗi, masu wasali uku suna rubuta ta qullqi, masu biyar suna rubuta qolqe. Sunan birnin ma, wasu Qusqu, wasu Qosqo. A 1985 ma'aikatar ilimi ta tsayar da uku. Makarantar kula da halshen Kecuwa ta Kusko ta ƙi, ta ci gaba da biyar, aka yi shekaru littattafai suna fitowa da rubutu iri biyu. A ƙarƙashin gardamar akwai tambayar wane ne mai iko da halshen: masanan Lima, ko manyan Kusko masu halshe biyu, ko manomin da ba a tambaya ba.

A lardin Puno an gwada koyar da yara da Kecuwa da Aimara tare da Sipaniyanci a shekarun 1980. Binciken Nancy Hornberger, wanda ya fito a 1988, ya nuna yaran sun fi sakin baki a aji da fahimtar darasi, amma iyaye da yawa sun juya wa shirin baya. Dalilinsu a fili yake: sun tura yaro makaranta ne don ya samo halshen kotu da ofis da neman aiki, ba su ga inda takardar Kecuwa za ta kai shi ba.

Tsadar wannan wariya ta bayyana a rahoton hukumar binciken gaskiya ta Peru na 2003, kan yaƙin da aka yi tsakanin gwamnati da ƴan tawaye daga 1980 zuwa 2000. Hukumar ta kimanta mamata da ɓatattu da wajen dubu 69, ta kuma ce uku daga cikin kowane huɗu, Kecuwa ko wani halshen ƴan ƙasa ne halshen uwarsu.

8. Gado

Abin da mutanen Andes suka bar wa duniya ya wuce duwatsun Macu Piccu. Abin da ake kira dankalin Turawa, a tsaunukansu aka fara noma shi. Gyaɗar da ta raya kasuwannin Maraɗi da Damagaram, asalinta kudancin Bolibiya ne da maƙwabtanta, kuma a kabarin wani sarkin Moce da aka tono a Sipan a 1987 an samu abin wuya mai siffar gyaɗa, rabi zinariya rabi azurfa. Har yanzu ƙauyuka huɗu suna haɗuwa kowane watan Yuni su sake saƙa gadar ciyawa ta Keswacaka bisa kogin Apurimak.

Masu jin kare-karen Kecuwa suna tsakanin miliyon 7 da 10. Tsarin mulkin Ekwado na 2008 da na Bolibiya na 2009 sun ba shi matsayi, Peru ta yi dokar halsuna a 2011, gidan talabijin na ƙasar kuma ya fara labarai da shi a 2016. Ƙidayar Peru ta 2017 ta samu mutum wajen miliyon 3 da dubu 800 da shi ne halshen uwarsu, wato wajen kashi 14 cikin 100, alhali a 1940 kusan rabin ƙasar ke jin sa. Iyayen da suka ƙaura birane sukan ƙi koya wa ƴaƴansu, don kada a rena su.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna abubuwa uku. Na farko, rashin haruffa bai hana mutanen Andes tsara ilimi da adana shi ba, kuma Kecuwa ya yi ƙarfi a zamanin Inka ne domin da shi ake ƙidaya da shari'a da rabon aiki. Na biyu, haruffan da aka ba shi tun 1560 an yi su ne don amfanin mai wa'azi, ba a sa su hannun masu halshen ba, saboda haka da hukuma ta juya baya a 1781 babu jama'ar masu karatu da za ta riƙe shi. Na uku, dokar 1975 da gwajin Puno sun tabbatar da cewa iyaye suna auna halshen makaranta da abin da yake iya yi a kotu da asibiti da ofis, ba da kyan nahawunsa ba. Jami'ar San Markos ta fara koyar da Kecuwa a 1579. Sai a 2019, bayan shekara 440, ɗalibar farko, Roxana Quispe Collantes, ta rubuta kundin digirin dakta da shi, ta kuma kare shi da shi a wannan jami'a.